Wa ya san Chesterfield, garin da hasumiyarsa ta murɗe?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka daɗe a Ingila. Yau wata na takwas kenan a Chesterfield, wani gari ne a yankin Derbyshire kusa da Sheffield, aikin kula da tsofaffi ne ya kawo ni. Tun ranar da muka sauka a tashar jirgin ƙasa na ɗaga kai na hango wata doguwar hasumiyar coci ta murɗe kamar an wanke zani an matse, kuma ta karkace gefe guda, wallahi gabana sai da ya faɗi na riƙe hannun Hanif gam don na zata faɗowa za ta yi. To har yau kullum ta gindinta nake wucewa in zan hau bas kuma ban daina ɗaga kai ba. Na tambayi wata abokiyar aikina ta ce wai shaiɗan ne ya zauna a kai ya naɗe wutsiyarsa, wata kuma ta ce wani maƙeri ne ya buga wa shaiɗan ƙusa a kofato zafi ya sa ya yi tsalle ya shure ta. Ni dai na san tatsuniya ce, amma mene ne gaskiyar abin? Da gangan suka gina ta haka?

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam Maman Hanif, ashe maƙociyarmu ce ke, ni ina Sheffield, a jirgi bai fi minti 15 ba tsakaninmu. Cocin sunansa St Mary and All Saints, shi ne coci mafi girma a duk Derbyshire, kuma yawancin ginin na ƙarni na 14 ne. Ita tsororuwar da kike gani wajen shekarar 1362 aka ɗora ta. Tsayinta daga ƙasa ƙafa 228, kusan mita 69 kenan, ta kauce daga tsakiya da ƙafa 9 da rabi, murɗewar kuma ta kai digiri 45. Ba da gangan ba ne. Abin da ke ciki katako ne zalla, aka lulluɓe shi da fallayen darma mai nauyin sama da tan 30. To a ƙasar nan rana ta kudu take bi, saboda haka gefen kudu shi ke shan zafi, darmar ta buɗe da rana ta tsuke da dare, gefen arewa kuwa yana cikin inuwa bai motsa sosai ba, kin ga shekara ɗari bayan ɗari ana wannan ja-in-ja dole abu ya juya. Ga shi kuma ba a sa isassun katakan da ake gicciyawa a tokare ba. Masu tarihi suna haɗa wannan da annobar da ta shigo Ingila a 1348 zuwa 1349 wadda ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar, manyan kafintoci sun mutu, aikin ya faɗa hannun waɗanda ba su gama koyo ba. Wasu kuma suna cewa ɗanyen itace aka yi aiki da shi ya bushe ya lanƙwashe, amma a zamanin ai kusan kowa da ɗanyen yake gini saboda ya fi sauƙin sassaƙa, don haka ni na fi karkata ga maganar darma da rashin tokari.

Maman Hanif: Ikon Allah. Na gode Injiniya Allah ya ƙara sani. To amma ba ta faɗuwa? Yara 'yan makaranta fa suna zama a gindinta suna cin abinci.

Injiniya Sabo: Ana auna ta ana duba ta a kai a kai, an kuma ƙara mata ƙarfi daga ciki. Abin da zai fi ba ki mamaki ma, ba a ɗaure katakon da ginin dutsen da ke ƙarƙashinsa ba, zaune kawai yake, nauyinsa ne ke riƙe da shi. Ko a 1961 gobara ta tashi a cikin cocin ta ci wani ɓangare, Allah ya sa wutar ba ta kai sama ba.

Ummi 'yar Katsina: Ni abin da ke ci man rai kenan wallahi. Ku duba fa, kuskuren kafinta ne, abin da a wurinmu za a ce aikin banza a rushe a sake, su sun riƙe shi shekara sama da 600 har ya zama tambarin gari, ƙungiyar ƙwallonsu ma da sunan hasumiyar ake masu kirari. Mu kuwa fa? Ina ganuwar Katsina take yanzu? Gobarau ce kaɗai ke tsaye ita ma yara nawa suka taɓa hawa? Mutanen nan sun san darajar abinsu mu ba mu sani ba, magana ta ƙare.

Ɗan Fagge: Ummi ban yarda da ke ba gaskiya. Wannan maganar ta "su sun sani mu ba mu sani ba" ta ishe ni, duk guruf ɗin da aka saka hoton wani tsohon gini sai an yi ta. Na yi shekara biyu ina kai kaya a garuruwan nan, Chesterfield, Mansfield, Worksop, duk na san lungunansu. Ki shiga tsakiyar garin ranar Talata da yamma ki ƙirga shagunan da aka rufe aka liƙa takardar haya a gilashi. Abin da ya rage shagunan caca, masu gyaran waya, masu aski, sai shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji. Manyan kantuna sun koma bayan gari inda ake da filin ajiye mota, sauran ciniki kuma ya koma intanet. Kasuwar da suke alfahari da ita wata rana rabin rumfunan babu kowa. Kasuwar Kurmi kuwa duk da ƙuncinta da kwatarta ki je yau ki gani ko za ki samu wurin sa ƙafa. To wa ya riƙe nasa a nan, mai gini a tsaye ba mutane ko mai mutane?

Ummi 'yar Katsina: Yaya Ɗan Fagge ai ba mutane nike magana ba, gini nike magana. Yawan mutane ba dabara ba ce.

Ɗan Fagge: To ginin ma nasu dutse ne namu ƙasa. Dutse ko ka yi banza da shi shekara 100 yana nan, ginin ƙasa damina uku ba yaɓe ya zube. Ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum, ina bin ku daga nesa, ban taɓa zuwa Ingila ba amma maganar ginin ƙasa ta taɓo ni. Hasumiyar babban masallacinmu na Agadas ta laka ce, mita 27, tun 1515 aka gina ta aka sabunta a 1844, kuma tana nan tsaye ana salla a gindinta kullum, a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Itatuwan nan da kuke gani sun fito jikinta kamar ƙaya, su ne matakalar magina in za a yi mata yaɓe. Wato tun ranar da aka gina ta an san za a riƙa komawa ana gyara. Don haka ɗan uwa laka ba ita ce matsala ba, in akwai masu komawa.

Ɗan Fagge: Wannan gaskiya ne na karɓa. Allah ya kai mu Agadas.

Maman Hanif: Maganar kasuwa da Ɗan Fagge ya yi akwai gaskiya a ciki amma ya zo ranar da ba ta ci ne. Kasuwar nan Litinin da Juma'a da Asabar take ci, ranar Alhamis kuma ta 'yan gwanjo ce, tsofaffin agoguna, kwanukan tangaran, kayan aikin kafinta, littattafai, har lambobin yaƙi na kakanninsu za ka gani a shimfiɗe. Ni ranar Asabar nake zuwa in ba ni da aiki. Fili ne babba an daɓe shi da duwatsu, rumfuna a jere da rufi mai ratsi-ratsi, ga wani tsohon famfon ruwa a tsaye, ga babban zauren kasuwa na jan bulo mai agogo a sama, an ce tun 1857 yake. Masu kayan gwari suna ta ƙwala kira kamar 'Yankaba, su zuba ayaba ko tumatir a roba su ce fam ɗaya fam biyu, in yamma ta yi su karya kuɗin don kar su koma da shi gida. Abu ɗaya ne dai babu, tayi. Ranar farko na taya wani dattijo mai albasa ya dube ni ya yi murmushi ya nuna min allon da ya rubuta kuɗin. Kuma kowa sai ya ce maka "duck", wato agwagwa, mace ko namiji, direban bas ma haka, da farko raina ya ɓaci sai daga baya aka ce min kalmar ƙauna ce a yankin nan kamar mu ce 'yar uwa.

Injiniya Sabo: Haka ne, ko ni da gemuna an sha ce min. Kasuwar kuma tsohuwa ce ƙwarai, a 1204 Sarki John ya ba garin takardar izinin cin kasuwa, dama abin da ya sa ake kiran irin waɗannan garuruwa garin kasuwa kenan, a da ba kowane gari ke da ikon kafa kasuwa ba sai da izinin sarki, shi kuma mai garin yana karɓar kuɗin rumfa da na shigo da kaya. Ƙauyukan kewaye su kawo tumaki, ulu, hatsi, fata, su sayi gishiri da ƙarfe su koma kafin dare. Kurmi kuwa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka kafa ta, shi kuma ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kun ga tazarar ba ta kai yadda mutane ke zato ba, kuma tsarin kusan ɗaya ne, sarki ya ba da wuri, a naɗa mai kula, fatake su zo.

Baba Garba: Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta nuna min wannan hira ta ce ana maganar garin da na sani, sai na ce bari in sa baki ko da rubutun nawa a hankali ne. Ni na zo Sheffield karatu a 1983, kuma nakan je Chesterfield sosai don akwai wani abokin karatuna Bature ɗan garin, mahaifinsa mahaƙin kwal ne, Allah ya sa sun karɓe ni hannu biyu. Ummi 'yata ki saurara da kyau. Wannan kasuwar da Maman Hanif take yabo, saura ƙiris a binne ta. A shekarun 1970 hukumar garin ta riga ta shirya za a rushe wancan zauren mai agogo a gina katafaren rukunin kantuna na kankare a kan filin kasuwar, kamar yadda aka yi a garuruwa da yawa a lokacin. Mutanen gari ne suka tashi, 'yan kasuwa da matan aure da 'yan makaranta, suka yi ta tara sa hannu a takardar koke, suka yi zanga-zanga, har aka janye shirin. Mahaifiyar abokin nan nawa tana cikin waɗanda suka riƙa bi gida gida, da bakinta ta ba ni labari tana zuba min shayi. Daga baya aka gina kantunan a gefe, aka bar fuskar tsofaffin gine-ginen da ke kallon kasuwa yadda take, Yarima Charles da Diana ne suka zo buɗewa a 1981. To kin gani, ba wai jininsu ne ya bambanta da namu ba. Su ma masu mulkinsu sun so rushewa, kuma a wasu garuruwan sun rushe ɗin, yanzu suna cizon yatsa. A nan dai an samu waɗanda suka ce a'a kuma suka tsaya a kai.

Ummi 'yar Katsina: Baba Allah shi ƙara girma, wallahi ban san wannan ba. Amma ai ko nan ɗin sun fi mu, tunda da suka yi magana an saurare su.

Baba Garba: 'Yata saurare ba kullum ba. Ina nan aka yi yajin aikin mahaƙa kwal na 1984 zuwa 1985, shekara guda cur mutane ba albashi, na ga mata suna tara gwangwanayen abinci a bakin wannan kasuwar don a raba wa iyalai, a 1984 ɗin ne ma Tony Benn ya zama ɗan majalisar garin ya riƙe har 2001. Sun yi magana iya magana ba a saurare su ba, ramukan kwal aka bi ɗaya bayan ɗaya aka rufe, na Markham da ke kusa da garin a 1993 aka rufe shi, wurin da mutum 79 suka mutu a fashewar 1938, wasu 18 kuma a 1973 lokacin da kejin da ke sauka da su ya faɗa ƙasa. Shagunan da Ɗan Fagge ya gani a rufe tushensu daga nan ne, aikin da ke kawo albashi garin ya tafi. In kun je kada ku kalli hasumiya kawai, ku kalli tsofaffin da ke zaune a benci suna tari, da yawansu ƙurar rami ce a ƙirjinsu.

Maman Hanif: Baba wallahi kamar kana wurin aikina. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita ta haura 90, mijinta a rami ya yi aiki har aka rufe, yanzu mantuwa ta kama ta ko 'ya'yanta wani lokacin ba ta ganewa, amma in muka fita da su a mota ta hango hasumiyar nan sai ta ce mun iso gida. Ranar farko da na ji haka sai da na juya na share hawaye don Dala na tuna, yadda in ka taho daga hanya ka hango shi ka san ka shigo Kano.

Abu Sumayya: Allah ya ba ta sauƙi, ya shiryar da mu da su. Amma ina da ɗan tsokaci 'yan uwa, kar a ji haushi. Tun ɗazu ana ta yabon coci, har na ga kamar ana shirin cewa a je a shiga. Wurin bautar wasu ne fa, akwai gumaka da hotuna a ciki. Ya kamata mu yi hattara musamman da yara.

Injiniya Sabo: Malam Abu Sumayya ba wanda zai ji haushi, tunatarwa ce. Ni dai na shiga, kuma na hau sama, akwai ranakun da suke hawa da baƙi, matakala wajen 150 ce ƙunci sosai, ka isa inda za ka ɗaga kai ka ga katakan nan na shekara 600 yadda suka juya. Aikina ne ya kai ni ba ibada ba, kuma na zaɓi lokacin da ba sa addu'a. Na san malamai sun yi saɓani a kan shiga, wasu sun hana saboda hotunan wasu sun halatta in da buƙata, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, daga waje ma ana ganin komai, a gaskiya murɗewar daga waje ta fi fitowa.

Abu Sumayya: To madalla, ni dai a waje zan tsaya. Kallon ginin mutanen da suka shuɗe don ɗaukar darasi ai Alƙur'ani ma ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, wannan ba ni da ja. Maman Hanif ya maganar masallaci da nama a garin?

Maman Hanif: Akwai ɗan masallaci Malam ana Juma'a, musulmin ba su da yawa dai. Nama da kayan miya irin namu kuwa Sheffield muke zuwa wajen Spital Hill inda Somaliyawa da 'yan Yaman suke, in cika firiza na wata guda. Abin da ya fi wahalar da ni lokutan salla ne, a Disamba kafin ƙarfe 4 magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskata, a Yuni kuma har tara da rabi rana ba ta faɗi ba Hanif ya ƙi barci ya ce ai gari bai yi duhu ba. Ranar Lahadi kuma manyan kantuna awa 6 kawai doka ta ba su, ƙarfe 4 an rufe, gari ya yi tsit sai ƙarar ƙararrawar coci da tattabaru.

Hajiya Mai Lalle: Ni fa sunayen titunan garin ne suka burge ni da na kai wa ƙanwata ziyara bara. Akwai Knifesmithgate, akwai Saltergate, akwai Glumangate, na ce wannan wane irin suna ne duk get get, ina ƙofofin? Sai mijinta ya ce ba ƙofa ba ce, tsohuwar kalma ce ta mutanen arewacin Turai da suka mamaye yankin a da, ma'anarta titi. Na farkon titin maƙeran wuƙa, na biyun hanyar fataken gishiri masu tahowa daga Cheshire ta kan duwatsu, na ukun titin makaɗa da mawaƙa. Na ce la ilaha illallahu ai wannan cikin birnin Kano ne, Dukawa, Takalmawa, Soron Ɗinki, kowace sana'a da unguwarta. Har da wasu lunguna matsattsu a bayan kasuwa suna ce musu Shambles, can ne mahautansu na da, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe, sak lungunan Kurmi sai dai babu kwata.

Ɗan Agadas: Hajiya hanyar gishiri kuma? To ai mu ne nan, ayarin raƙuma daga Bilma da Fachi har yanzu ana yi ko da ya ragu. Ashe ko'ina gishiri sai da ya yi wa kansa hanya.

Ɗan Fagge: Hajiya tunda kin ambaci Knifesmithgate bari in fasa ƙwai. Gine-ginen nan masu fari da baƙin katako da ke jere a titin waɗanda kowa ke tsayawa ɗaukar hoto yana cewa na zamanin da ne, ba tsofaffi ba ne, a shekarun 1920 da 1930 aka yi su da aka faɗaɗa titin, kwaikwayon tsohon salo ne kawai. To da mu aka rushe ƙofofin Kano aka sake su da siminti don titi ya faɗaɗa kowa ya ce an kashe tarihi, su da suka yi irin haka ana ɗaukar hoto. Ina bambancin?

Injiniya Sabo: Ka yi gaskiya a kan shekarun, na kwaikwayo ne. Amma akwai na ainihi, ka duba ginin Peacock a titin Low Pavement, na katako ne tun wajen 1500, shi ma a rikicin da Baba ya faɗa ya kusa tafiya, da aka ɓamɓare filastar da ta rufe shi ne aka ga abin da ke ciki. Bambancin da nake gani shi ne doka da ake bi. A nan in aka sa gini cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko naka ne ka gada daga kakanka, ba ka isa ka canza taga ba sai da izini, in ka yi laifi ne kotu za ta kira ka. Cocin nan yana mataki na ɗaya, mafi tsanani. Mu ma fa badala tana cikin kayan tarihin ƙasa a takarda, ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, amma kowa ya san yadda ake ɗibar ƙasarta ana yin bulo ana kafa shago a kanta, kuma masu yin ba baƙi ba ne mu ne.

Ummi 'yar Katsina: To kun dawo kan maganata kenan.

Ɗan Fagge: A'a ba mu dawo ba. Ke kin ce ba mu san daraja ba, ni na ce wanda ke neman na cefane ba ya ganin badala sai fili. A ba shi wurin kasa kaya a gani in zai taɓa ta.

Ummi 'yar Katsina: Masu gina manyan shaguna a kanta ba na cefane suke nema ba Yaya, kai ma ka sani.

Ɗan Fagge: Wannan kuma ban musa ba.

Baba Garba: Ku bar shi haka 'ya'yana kowa ya faɗi rabin gaskiya. Maman Hanif in kin fito tashar jirgi akwai mutum-mutumin wani dattijo a bakin ƙofa, kin lura? George Stephenson kenan wanda ake kira uban jirgin ƙasa. A garin nan ya ƙare rayuwarsa, a wani gida da ake kira Tapton House a kan tudu, ya mutu a 1848 aka binne shi a cocin Holy Trinity, ba mai murɗaɗɗiyar hasumiyar ba, wani ne daban. Aikin shimfiɗa layin dogo daga Derby zuwa Leeds ne ya kawo shi, da suna haƙa rami a Clay Cross suka ci karo da kwal da tama sai ya kafa kamfani ya zauna. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya shi ya sa na je har kabarin.

Injiniya Sabo: Baba ka taɓo inda nake so. Faɗin layin da Stephenson ya yi aiki da shi, ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wato milimita 1435, shi ne ya zama ma'aunin yawancin duniya. Tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911 Turawa ƙarami suka shimfiɗa mana, milimita 1067, don ya fi arha. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ne a kan ma'aunin Stephenson. Duk wanda ya taɓa hawa daga Idu zuwa Rigasa ya hau awon mutumin da ke kwance a garin Maman Hanif.

Maman Hanif: Kai jama'a, kullum ina wuce mutum-mutumin nan ban taɓa tsayawa na karanta ba. Ni wurin da na fi so a garin ma ba a tsakiya yake ba, wata hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu, tana da ƙofofin katako da ake buɗewa ruwa ya ɗaga kwalekwale ko ya sauke shi, nakan kai Hanif wajen Tapton Lock mu ba agwagi abinci. An rubuta a allo cewa 1777 aka buɗe ta, mil 46 har kogin Trent, kuma wai duwatsun da aka gina majalisar dokoki ta Landan da su ta nan aka yi jigilarsu. Ta mutu shekara da shekaru ta cika da shara, yanzu tsofaffi 'yan sa kai ne ke ta haƙewa suna gyarawa, na gansu da idona cikin ruwan sama da takalman roba, ba mai biyansu ko kwabo.

Hajiya Mai Lalle: Kin je gidan jinkan nan na Old Whittington? Mu an kai mu. Ɗan ƙaramin gida ne rufin ciyawa kamar a ƙauyenmu, da mashaya ce, wai a ciki wasu manyan masu sarauta uku suka ɓuya a 1688 suka ƙulla yadda za a tuɓe Sarki James na biyu a kawo William daga Holan, kuma aka yi hakan. Na ce oh, mu muna jin kunyar jinka muna rige-rigen kwano, su a nan mai rufin ciyawa sai mai kuɗi don masu iya yin sun yi ƙaranci.

Maman Hanif: Ban je ba Anti amma bas ɗin da nake hawa yana bi ta kusa. To tunda abin ya zama haka me zai hana mu haɗu? Asabar ta sama ba ni da aiki. Mu fara da kasuwa da safe tun kaya suna sabo, masu hawa hasumiya su hau in an buɗe ranar, Malam Abu Sumayya da mu masu yara mu jira a Queen's Park akwai wurin wasa da tafki, in an yi azahar mu gangara bakin ruwa. Zan yi waina da miyar taushe in Allah ya yarda, alayyafo da kabewa duk ana samu a kasuwar.

Injiniya Sabo: In sha Allah ni da iyali muna nan, zan kira in ji ko suna hawa da mutane ranar. Kowa ya zo da rigar ruwa ko da an ga rana da safe.

Abu Sumayya: Zan zo da tabarmi biyu da buta.

Ummi 'yar Katsina: Daga Landan ta tashar jirgin St Pancras ne ko? Awa nawa?

Injiniya Sabo: Wajen awa biyu, ki sayi tikiti tun yau don in ranar ta matso kuɗin ninkawa yake.

Ɗan Fagge: Ni zan ɗauko Baba a mota in ya yarda, dama ina so ya nuna min inda ramin Markham yake da, kullum ina kai kaya manyan rumbunan da aka gina a wajen ban san me ke ƙarƙashi ba.

Baba Garba: Na yarda ɗana, amma ka zo da wuri ƙafata ba ta son gaggawa. Maman Hanif ki tambayar min tsohuwar nan taki a wane rami mijinta ya yi aiki, in ta tuna.